LAFIYA UWAR JIKI: Tsiron Da Ke Fitowa A Cikin Mahaifa

 

A cikin wasiƙun da suka iso mana kwanan nan akwai ta wani magidanci, ɗan kasuwa, mazaunin Agege a Legas, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce shekararsu 11 da aure, Allah Ya ba su 'ya mace guda ɗaya tun a shekara ta biyu, daga nan kuma shiru. Tun bara maiɗakinsa ta soma ganin jini tsakanin al'ada da al'ada. Da suka je asibiti aka yi mata hoton ciki, sai likita ya ce akwai wani ɗan tsiro a cikin mahaifarta, a cikin bayaninsa kuma ya ambaci ƙwayoyin gado. Wannan kalma ta gado ita ce ta ta da ƙura, gama da labari ya kai gida sai mahaifiyar mai wasiƙar ta ce ashe ciwon dangin matar ne, har jikanyarta ma za ta gaje shi. Yanzu ana matsa masa lamba a kan ya sallami matar. Sabo da haka ya yi mana tambayoyi uku: shin ciwon daji ne, shin gadonsa ake yi, kuma shin shi ne ya hana su haihuwa?

Malam mai wasiƙa, mun gode da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka yanke hukunci, don masu iya magana sun ce mai tambaya ba ya ɓata. Amma kafin mu amsa, tilas ne mu fara bayyana ko mene ne wannan tsiro da kuma abin da ke sa shi girma, don amsar tambayoyin nan uku duk a can take.

Mene Ne Tsiron

Mahaifa tana da bango mai kauri na tsoka, daga ciki kuma akwai wata shimfiɗa mai laushi wadda take lulluɓe da bangon. A kan wannan shimfiɗa ce ciki yake kamawa ya zauna. Kowane wata shimfiɗar tana yin kauri don ta tarbi ciki, in bai samu ba sai samanta ya sulluɓe ya fita tare da jini, watau haila ke nan, sa'an nan wata sabuwa ta maye gurbinta.

Wani lokaci sai wani ɗan yanki na shimfiɗar ya ƙi bin wannan tsari, ya yi ta girma shi kaɗai, har ya turo kai cikin kogon mahaifa da jijiyar jini a tsakiyarsa tana ciyar da shi. Likitoci suna kiransa folif, kalmar kuwa daga harshen Girka aka samo ta. Wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai goriba ko ya fi. Wani yana zaune daram a kan bango, wani yana reto a kan siririn wuya. An fi samunsa ga mata 'yan shekara 40 zuwa 50, ko da yake yana samun waɗanda ba su kai haka ba da waɗanda suka wuce. Da yawa ba sa nuna wata alama ko kaɗan. Waɗanda suke nunawa kuwa, alamarsu ita ce jini a lokacin da ba na al'ada ba, ko al'ada mai yawa, ko jini bayan mace ta daina haila, ko jinkirin samun ciki.

A lura, wannan daban yake da ƙarin mahaifa da aka fi sani, wanda ake kira faibiroid. Shi wancan daga tsokar bango yake fitowa, yana da tauri, yakan kuma girma har ciki ya yi kamar na mai juna biyu. Wannan da muke magana a kai daga shimfiɗa yake, yana da laushi.

Kundi Ɗaya, Karatu Daban Daban

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda a nan za mu kira tubalan jiki. A cikin kusan kowane tubali akwai cikakken umarni na yadda za a gina mutum a kuma tafiyar da jikinsa. An rubuta umarnin a kan wani dogon zare, an naɗe shi kundi kundi har 46, rabi daga uba rabi daga uwa. Masana suna kiran kowane kundi kuromosom. A cikin kundayen nan akwai babi babi wajen 20,000, kowane babi shi ne ƙwayar gado guda, kuma an kammala babban aikin karanta su a shekarar 2003.

To, abin mamaki shi ne, kundayen da ke cikin tubalin ido su ne ke cikin tubalin hanta, su ne kuma ke cikin tubalin mahaifa. Abin da ya bambanta su shi ne babin da kowanne yake buɗewa ya yi aiki da shi, da wanda ya rufe ya ajiye. Waɗansu masana biyu na ƙasar Faransa, Jacob da Monod, su ne suka fara nuna yadda ake kunna ƙwayar gado a kuma kashe ta, a shekarar 1961 a birnin Paris, an kuwa ba su lambar yabo ta Nobel a 1965.

Shimfiɗar mahaifa tana cikin sassan jiki da suka fi yawan buɗe babi da rufewa, don kowane wata sai ta yi haka. Waɗansu sinadarai biyu ne da ke fitowa daga ma'ajiyar ƙwan mace suke ba ta umarni. A rabin farko na wata, sinadarin istirojin yana ce wa tubala su hayayyafa. Bayan ƙwai ya fito sai na biyu, watau furojestaron, ya ce girma ya isa, a shirya tarbar ciki. In cikin bai samu ba sai furojestaron ya ja da baya, tubalan sama su mutu, shimfiɗa ta zube. Tsiro yana samuwa ne a inda wannan karatu ya rikice, masu bincike kuwa sun gano rikicewar a wurare da dama. Za mu kawo huɗu daga ciki.

Babin Da Ya Kamata A Ce An Rufe

Na farko, akwai ƙwayoyin gado biyu 'yan uwan juna, ɗaya ana kiranta HMGA1 tana cikin kundi na 6, ɗaya kuma HMGA2 tana cikin kundi na 12. Aikinsu yana da yawa a lokacin da ɗan tayi yake cikin uwa, sa'ad da ake bukatar tubala su hayayyafa da sauri. A shekarar 1995 an nuna cewa ɓeran da aka raba shi da HMGA2 yakan fito wada, bai kai girman 'yan uwansa ba. Bayan mutum ya girma sai a rufe waɗannan babi a yawancin sassan jiki, don aikinsu ya ƙare.

A cikin wannan shekara ta 1995 ne wata masaniya mai suna Paola Dal Cin da abokan aikinta, a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam da kuma Italiya, suka bayyana abin da suka gani da suka duba kundayen tubalan irin wannan tsiro. Sun tarar a cikin waɗansu kundi na 6 ko na 12 ya karye ya manne a wani wurin da ba nasa ba, karayar kuwa tana faɗawa ne a unguwar da waɗannan ƙwayoyi biyu suke. Sakamakon haka, babin da aka rufe tun jariri yana ciki sai ya sake buɗewa a cikin mahaifar mace baliga, tubalan wurin su koma hayayyafa kamar na ɗan tayi. Irin wannan karaya ana samunta a waɗansu faibiroid, da kuma ƙullutun kitse da kan fito wa mutane a ƙarƙashin fata, waɗanda su ma ba daji ba ne.

Daga baya aka gano ɗaya daga cikin hanyoyin da jiki yake bi ya riƙe babin a rufe. Akwai waɗansu 'yan guntayen saƙonni a cikin tubali waɗanda aikinsu shi ne su kama umarnin da ya fito daga wani babi su hana a aikata shi. Ɗaya daga cikinsu ana kiransa let-7, an kuwa fara gano shi a shekarar 2000 a jikin wata 'yar tsutsa ta cikin ƙasa wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A 2007 aka nuna cewa let-7 yana danne HMGA2 ne ta wurin kama wutsiyar umarninta, in kuwa karayar kundi ta yanke wutsiyar, to, ba shi da inda zai kama. Victor Ambros da Gary Ruvkun, Amurkawan da suka buɗe wannan fanni, sun sami lambar Nobel a 2024.

Tubalin Da Ya Ƙi Mutuwa

Na biyu, Allah Ya tsara jiki ta yadda tubalin da ya gama aikinsa zai mutu da kansa a tsanake ya ba wani wuri. Waɗansu masana uku a Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan, Kerr da Wyllie da Currie, su ne suka bayyana wannan tsari a 1972. Akwai kuma wata ƙwayar gado mai suna BCL2, a kundi na 18, wadda aikinta shi ne hana wannan mutuwa, kamar yadda aka tabbatar a birnin Melbourne na Ostareliya a 1988. A lafiyayyar shimfiɗa BCL2 tana aiki sosai a farkon wata lokacin da ake gini, sa'an nan ta lafa kafin haila, don a sami damar zubar da tsohuwar shimfiɗa. A cikin tsiro kuwa an sha tarar da ita tana ta aiki fiye da kima. Wannan yana cikin dalilan da suka sa haila take zuwa ta share ko'ina ta bar tsiron a tsaye, wata bayan wata, yana ƙara kauri.

Na uku, tubali ba ya jin umarnin sinadari sai yana da abin karɓar saƙon, watau kamar kunne, kunnen nan kuwa shi ma daga wani babi ake ƙera shi. Bincike da dama ya nuna cewa a cikin tsiro kunnuwan istirojin suna da yawa, na furojestaron kuwa sukan yi ƙaranci a waɗansu sassansa. Ke nan tsiron yana jin kiran a yi girma, amma kiran a dakata bai cika isa gare shi ba.

Wannan shi ya bayyana abubuwan da aka daɗe da sanin suna ƙara haɗarin samun tsiron. Ƙiba tana ciki, domin kitsen jiki yana ɗauke da wani sinadari mai suna aromates wanda yake ƙera istirojin, har ma bayan mace ta daina haila. Haka kuma maganin nan tamoxifen da ake ba masu ciwon dajin nono, wanda aka fara haɗawa a Ingila a 1962. A cikin nono yana toshe kunnuwan istirojin, shi ya sa yake ceton rayuka, amma a cikin mahaifa yana yin aiki irin na istirojin ɗin. Duk wadda take shansa kada ta kuskura ta daina da kanta, sai dai in ta ga jini ta hanzarta gaya wa likitanta.

Batun Haihuwa

Na huɗu shi ne wanda ya shafi tambayar mai wasiƙarmu ta ƙarshe. Akwai ƙwayoyin gado biyu, HOXA10 da HOXA11, waɗanda shimfiɗa take buɗewa a kwanakin da ciki zai kama, su ne suke taimakawa wajen shirya wurin. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa a mahaifar da take da tsiro aikin waɗannan biyu yana raguwa. Watau ban da tare wuri da tsiron yake yi, yana kuma rage shirin shimfiɗar na karɓar ciki.

An kuma gwada a gani ko cire shi yana da amfani. A 2005 likitoci a birnin Madrid na ƙasar Sifen suka ba da sakamakon wani gwaji da suka yi da mata fiye da 200 masu neman haihuwa waɗanda duk suna da tsiron. Aka raba su gida biyu, aka cire wa rabi, aka bar wa rabi, kafin a ci gaba da ba su taimakon asibiti na samun ciki. Waɗanda aka cire wa sun sami ciki fiye da ninki biyu na waɗanda ba a cire wa ba.

Amsar Tambayoyin

To Malam, ga amsarka ɗaya bayan ɗaya.

Game da daji, mafi yawan irin wannan tsiro ba daji ba ne. In aka haɗa bincike da yawa aka duba, waɗanda ake tarar da daji ko mafarinsa a cikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma an fi samun haka ga matan da suka daina haila sa'an nan suka ga jini. Ga mai shekarun haihuwa kamar maiɗakinka haɗarin ya fi haka ƙanƙanta. Amma fa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Lalle ne in an cire tsiron a kai shi ɗakin bincike a duba shi da madubin ƙara girma, ku kuma ku koma ku karɓi sakamakon.

Game da gado, a nan ne aka sami rashin fahimta. Karayar kundin nan da muka ambata tana faruwa ne a cikin 'yan tubalan wani ɗan yanki na shimfiɗa, bayan mace ta girma. In aka ɗebi jinin matarka aka duba, ba za a tarar da ita ba, ba ta kuma cikin ƙwan da aka haifi 'yarku daga gare shi. Ka ɗauka cewa wani ya kwafi littafi daga hannun mahaifinsa daidai, bayan shekaru sai ruwa ya jiƙa shafi ɗaya na wani kwafin da ya ajiye a ɗaki guda. Littafin mahaifin yana nan lafiya, wanda ya ba ɗansa shi ma yana nan lafiya. Sabo da haka ba daga iyayenta ta ɗauko ba, 'yarku ba ta karɓi wannan karaya daga gare ta ba, kuma ba ciwo ne da ake ɗauka wajen kwanciya ko a ban ɗaki ba. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya gaya wa likita shi ne in a cikin dangi an sami mutane da dama da suka yi dajin hanji ko na mahaifa tun ba su tsufa ba, gama wannan wani al'amari ne daban wanda ake gadonsa, ana kiransa ciwon Lynch.

Game da haihuwa, mai yiwuwa ne tsiron yana da hannu, cire shi kuwa yana ƙara sa rai. Sai dai haihuwa ta Allah ce, sababinta kuma na mutum biyu ne. Kai ma ya kamata ka ba da kanka a auna ka, don matsalar rashin haihuwa sau da yawa takan kasance daga wajen namiji, ko da ya taɓa haihuwa a baya.

Yadda Ake Cire Shi

Waɗansu ƙanana, waɗanda ba su kai santimita ɗaya ba, sukan baje da kansu, don haka likita yakan ce a jira a sake dubawa in ba sa kawo wata damuwa. Amma wanda yake sa jini, ko yake tare da rashin haihuwa, ko ya fito bayan an daina haila, cire shi ake yi. Hanyar da ta fi kyau ita ce a zura wani siririn bututu mai fitila da madubi ta bakin mahaifa, likita yana kallon tsiron ya yanke shi daga tushe. Ba a tsaga ciki, yawanci kuma a ranar ake komawa gida. Dabarar ta daɗe, gama tun a 1869 wani likita mai suna Pantaleoni ya leƙa mahaifar wata tsohuwa 'yar shekara 60 mai zubar jini, ya ga irin wannan tsiro ya yi mata magani. Wankin ciki da aka saba yi ba tare da madubi ba sau da yawa yakan kuskure tsiron ya bar shi a ciki. Ba kowane asibiti ne yake da wannan na'ura ba, sai ku roƙi likitanku ya tura ku inda ake da ita. Wani lokaci tsiron yakan sake fitowa, don haka in jini ya dawo a koma.

Muna kuma jan kunnen mata game da cushe-cushen magunguna a gaba da ake sayarwa a kasuwa da sunan wanke mahaifa. Ba sa isa inda tsiron yake, sai dai su ƙona fata su jawo wata cutar.

Kira Ga Iyaye Mata

Da yawa daga cikin matanmu in suka ga jinin da ya wuce kwanakinsa, wajen malam suke aikawa a tambayo musu hukuncin salla da azumi. Wannan daidai ne, malam kuwa zai ce a mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, watau istihala, sai ta yi wanka ta ci gaba da ibada. To, tun da malamai da kansu sun kira shi jinin ciwo, sai a nemi sanin ciwon. Malam ya warware batun salla, saura likita ya duba dalilin jinin.

Wannan kira ya fi ƙarfi a kan iyayenmu da suka manyanta. Duk macen da ta shekara guda cur ba ta ga haila ba a shekarun dainawa, sa'an nan ta ga jini ko da ɗigo ɗaya ne, kada ta ce al'ada ce ta dawo, kada kuma kunyar 'ya'ya ta sa ta ɓoye. Galibi za a tarar abu ne mai sauƙi, amma dajin mahaifa ma da haka yake fara sallama, wanda aka kama da wuri kuwa yawanci ana warkewa.

Daga ƙarshe, Malam mai wasiƙa, ka ɗauki jaridar nan ka kai wa Hajiya, ka karanta mata cikin ladabi, ka nuna mata cewa surukarta ba ta kawo wata cuta daga gidansu ba, jikanyarta kuma ba ta gaji kome ba. Sa'an nan ka raka maiɗakinka asibiti da kanka. Muna fata za ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda aka ƙare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin. Sai mun sadu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.